Allon da Ke Wanke Kansa

Kawuna da leɓe yake karatun boko. Bai shiga aji ba sai da ya yi 'ya'ya uku, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan isha'i, shi ya sa har gobe in ya ɗauki takarda za ka ga bakinsa yana motsi, yana haɗa baƙi da wasali a hankali kamar mai ƙirga kuɗin amana. Ba ya tsallake kalma. In wata ta shige masa duhu, komawa yake farkon jimla ya sake tahowa. Da wannan karatun ya bi jaridu shekara da shekaru, da shi yake duba takardar magani, kuma ban taɓa jin ya karanta abu ya fahimce shi a baibai ba.

Wata safiya muna zaune a zaure, ya buɗe sitatus ɗin ɗan wani tsohon abokinsa. Baƙin fili ne da farin rubutu, layi takwas ko tara: sanarwar rasuwa, da unguwa, da lokacin jana'iza, da lambar wayar da za a kira don kwatance. Kawu na kaiwa layi na uku, daidai inda sunan mamacin ya fara, sai rubutun ya wuce, hoton atamfar da wata ke tallatawa ya hau gurbinsa. Ya lalubo ya koma baya. Ya fara daga sama, don shi ba ya kama karatu daga tsakiya. Layi na uku, ya sake wucewa. A karo na uku ya kife wayar a kan tabarma.

"Wannan abu ba ya jiran mutum," in ji shi.

Jikarsa, 'yar aji uku a firamare, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Kaka, danne shi da babban yatsa. Kar ka ɗaga." Ya ɗauki wayar ya danne. Rubutu ya tsaya cak, kamar an ja wa doki linzami.

Tun daga ranar nake lura da babban yatsan mutane. A cikin adaidaita sahu na ga mata da goyo ta danne allo tana karanta farashin kayan ɗaki. A layin banki na ga saurayi ya danne yana karanto wa abokinsa lambar asusu. Mai shayin bakin titinmu da gefen ɗan yatsa yake yi, don hannunsa da maiƙo. Ba wanda ya koya musu a aji, daga hannu zuwa hannu abin ya bi, yawanci daga yaro zuwa babba. Kuma duk magana ɗaya suke yi da yatsan: tsaya, ban gama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan da muka ba fuskar waya. Allo muka ce. Mun ɗauko kalmar daga makarantar da yawancinmu muka fara zama a cikinta. To amma duk wanda ya riƙe allon katako ya san ƙa'idarsa. Ka rubuta, malam ya biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa. Ba a wanke allo sai ka kawo karatun an ji ya zauna. Yara ashirin a gaban malam ɗaya, wani kullum sai ya yi wanki, wani sai ya kwana uku a kan rubutu guda, kuma ba a taɓa goge wa na biyun allonsa don na farkon ya gama ba. Kowa da ƙafarsa, rubutu ne ke jiran mai karatu. Allon da ke aljihunmu yanzu shi ke wanke kansa, a lokacin da wani wanda bai taɓa ganin Kawu ba ya yanke cewa ya isa a ce an gama.

Sitatus ma da sauƙi, tunda yana jin yatsa. Akwai wuraren da ko ka danne ba su san ka yi ba. Buɗe shafin intanet na jami'a, ko na banki, ko na ma'aikata, da wuya ka rasa manyan hotunan nan da ke juyawa a sama, ɗaya na ture ɗaya. Sau da yawa a jikinsu ake liƙa sanarwar da ta kawo ka: ranar rufe rajista, sabon kuɗin makaranta, takardun da za ka zo da su. Kana tsakiyar karantawa sai ta zame, hoton shugaban wurin yana yanke ƙyallen buɗe sabon gini ya shigo. Sai ka zauna jiran ta kewayo, kamar wanda mota ta wuce shi yana jira ta je tasha ta dawo. Akwai shafin sakamakon ƙwallo da ke sabunta kansa, ka miƙa yatsa za ka taɓa wasan da kake bi, jerin ya motsa, ka tsinci kanka a wani wasan ko a cikin tallar caca. Akwai kuma wanda ya fi ciwo. Kana karanta wani dogon rubutu a dandalin sada zumunta, aka kira ka, ka amsa, ka dawo, shafi ya zubo sababbi, wancan ya nutse. Ba ka riƙe sunan marubucin ba. Ya tafi ke nan.

Rubutu mai gudu ya girmi intanet. Tun 1928 jaridar New York Times ta kewaye gininta da ke dandalin Times Square da fitilun da ke tafiyar da kanun labarai, jama'a na tsaye a titi suna ɗaga kai. Zirin nan kuma da ke gudu a ƙasan talabijin, ranar harin 11 ga Satumba 2001 manyan tashoshin labarai na Amurka suka shimfiɗa shi don labari ya yi musu yawa, daga nan bai sake tashi ba, har tashoshinmu ma suka ɗauka. Amma bangon gini da akwatin talabijin suna da uzuri. Abu ɗaya suke nuna wa dubban mutane a lokaci guda, ba yadda za a yi a tsayar wa mutum ɗaya. Waya ba ta da wannan uzurin. Mutum ɗaya take yi wa aiki, a tafin hannunsa take, kuma sanya mata maɓallin tsayawa ƙaramin aiki ne a wurin mai rubuta manhaja.

Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin haka, har sun rubuta shi. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙirƙiro yanar gizo, ya kafa a 1994, ita ke tsara ƙa'idojin gina shafuka. A 1999 ta fitar da kundin farko kan yadda za a gina shafi har masu naƙasa su iya amfani da shi, wanda ake kira WCAG a taƙaice. A Disamba 2008 ta fitar da na biyu, kuma a cikinsa akwai sharaɗi mai lamba 2.2.2 da sunansa kalma uku ne kacal: dakatar, tsayar, ɓoye. Abin da ya ƙunsa ba shi da wuyar ganewa. Duk abin da ke motsi, ko ƙyaftawa, ko gudu a shafi, in dai shi ya tashi da kansa, ya wuce sakan 5, kuma akwai wani abin a gefensa da mutum zai so ya duba, to dole a ba mai karatu hanyar dakatar da shi, ko tsayar da shi ɗungurungum, ko kawar da shi daga gani. Abin da ke sabunta kansa kuwa, irin sakamakon ƙwallo ko farashin kasuwa, ko rangwamen sakan 5 ɗin ba a yi masa ba. An dai ƙara masa wata mafita: a bar mutum ya faɗi bayan minti nawa yake so a riƙa sabunta masa.

An bar ƙofa ɗaya a buɗe, kuma da hankali aka bar ta. In motsin shi ne ainihin saƙon, ba a ce a kashe shi ba. 'Yar da'irar nan da ke juyawa tana gaya maka shafi na tafe, in aka tsayar da ita sai ka zaci waya ta maƙale. Amma hoton shugaba da ƙyallensa ba ya shiga ta wannan ƙofar. Ko an tsayar da shi, ba abin da ya ragu.

Kundin ya kasa sharuɗɗansa mataki uku, wannan kuwa a matakin ƙasa yake, wanda in ka faɗi a kansa ba ka ma taka dokin ƙofa ba. Yana kuma cikin sharuɗɗa huɗu da aka ce sun hau kan komai da ke shafi, har kayan ado da ba su ne ainihin aikin shafin ba, saboda abu ɗaya mai motsi a lungu yana iya hana mutum amfani da shafin baki ɗaya. Da farko na ga kamar an zuzuta, sai da na lura da idona. Gefen ido don kama motsi aka halicce shi. Shi ke nuna wa manomi maciji a cikin ciyawa kafin ya san ya gani, kuma ba a yi masa umarni. Mai talla ya san wannan sarai, shi ya sa tallarsa ke rawa a gefen labarin da kake karantawa. Ga yawancin mutane ɗan haushi ne, su daure su wuce. Ga yaron da hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, ko wanda haruffa ke cuɗe masa, ko mai raunin gani da ya ƙara girman rubutu har kalma huɗu ke cika masa allo, karatu ya ƙare daga nan.

Abin takaici, rawar ma ba ta cika biyan mai ita ba. A 2013 wani ma'aikacin Jami'ar Notre Dame ta Amurka ya ƙirga masu taɓa hotunan da ke juyawa a babban shafin jami'ar, ya samu kusan mutum 1 cikin 100 ne, kuma mafi yawansu hoton farko suke taɓawa. Can baya, burauzar Netscape ta zo da wata alama da ke sa rubutu ya yi ta ƙyaftawa ba tsayawa, aka yi ta yayinta har ta gundire kowa, Firefox ta cire ta a 2013. A 2018 Chrome ta fara hana yawancin bidiyoyi tashi da sauti ba tare da an taɓa shafi ba. Kowane zamani da irin ƙyalƙyalinsa, sai ya gaji mutane a toshe shi, wani ya ɓullo.

Wanda ya fi fahimtar da ni wannan magana makaho ne, malamin makaranta, da muke haɗuwa a masallacin unguwa. Wayarsa magana take yi masa. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke allo da murya, TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a na Apple. Yana shafa yatsa daga hagu zuwa dama, murya na faɗa masa abu na gaba, in ya ji wanda yake so ya taɓa sau biyu. Ya ƙure saurin muryar har ni ba na tsintar kalma ɗaya a ciki, shi kuwa kan gama saƙo kafin in gama buɗe nawa. A wurinsa na gane maganar ba ta masu nawa kaɗai ba ce. Kawu ya fi allo nawa, malam ya fi allo sauri, amma abu ɗaya ke damunsu: linzami yana hannun wani.

Ya kwatanta mini yadda abin yake. Mai ido yana ganin shafi gaba ɗaya, in abu ya canza a kusurwa ya san a kusurwa ne. Shi kuwa bin shafi yake abu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin bango da hannu a gidan da bai sani ba. In shafin ya sabunta kansa yana tsakiyar tafiya, sau da yawa muryar komawa take can sama ta fara daga sunan shafi, sai ya sake ratsa duk abin da ya riga ya wuce. In hotunan nan masu juyawa ne, abin da yatsansa ke kai yana iya ɓacewa daga ƙarƙashinsa. Mafi muni shi ne bidiyo ko waƙar da ke tashi da kanta. Maɓallin kashe ta yana wani wuri a shafin, amma da murya zai nemo shi, muryar kuma waƙar ta danne ta. Shi ya sa sharaɗin sauti a kundin WCAG ya fi tsauri, sakan 3 kawai aka ba shi.

Masu gina shafi suna da hanyar gaya wa wannan muryar cewa wani sashe ya canza, kuma hanyar iri biyu ce. Ɗaya sunanta mai ladabi, tana jira murya ta gama abin da take faɗa sannan ta sanar. Ɗayar katse magana take yi nan take, an tanade ta don abin gaggawa, kamar a ce lokacinka ya kusa cika. Da na ji haka sai na tuna zaure. Baƙo na ƙwarai sallama yake yi ya tsaya har a amsa. Wanda ya faɗo gida ba sallama, sai dai in gobara ya gani. Matsalar ita ce maginin da ke ɗaukar kowane sabon kanun labari a matsayin gobara.

Sallamar kuwa an san yadda ake yin ta. Jawo shafi ƙasa ka saki don ya kawo sababbi, abin da yanzu kowa ke yi ba tare da tunani ba, wani mai rubuta manhaja ne, Loren Brichter, ya fito da shi a 2009 a cikin wata manhajar karanta Twitter. Kyawunsa shi ne sabon labari na tsaye a waje har sai ka buɗe masa. Haka ɗan rubutun da ke leƙowa daga sama ya ce akwai sababbin saƙonni, taɓa ka gani. Ba a hana ka komai ba, kuma wurin da kake karantawa yana nan yadda ka bar shi.

Akwai kuma waɗanda motsin allo jikinsu yake taɓawa. A cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana tsaye, ko kana karkace, ko kana tafiya. In ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Duk wanda ya gwada karatu a bayan mota a hanyar Kano zuwa Zariya ya ɗanɗana, sai dai a can kunne ne ke cewa ana tafiya ido yana musu. A 2013 kamfanin Apple ya fitar da iOS 7, inda hoton bango ke ɗan zamewa in ka karkata waya, manhajoji kuma su zuƙo su buɗe kamar za su faɗo maka a fuska. Mutane da dama suka koka da jiri da ciwon kai, bayan 'yan makonni kamfanin ya faɗaɗa saitin rage motsi. Daga 2017 burauzoji suka fara iya isar da wannan zaɓi ga shafuka: mutum ya faɗa sau ɗaya a saitin wayarsa cewa ba ya son motsi, kowane shafi yana iya ji. Yana iya ji, in maginin ya ga dama ya sa masa kunne. Wayoyin Android ma suna da irin saitin, can cikin sashen masu buƙata ta musamman, inda kusan ba mai leƙawa.

Walƙiya ta fi haka haɗari. Ranar 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani kashi na zanen yara na Pokémon a talabijin a Japan, a ciki akwai 'yan sakanni da ja da shuɗi ke musanyawa da sauri. A daren nan aka kwashi yara fiye da 600 zuwa asibiti, wasu da jijjiga, wasu da jiri da amai, shirin kuma ya yi wata huɗu ba a nuna shi ba. Don irin wannan aka sa wa kundin WCAG sharaɗin da ya hana abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a sakan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Kaɗan ne daga cikinsu walƙiya ke tayar wa ciwo. Amma a wurinmu, inda ake ɓoye farfaɗiya don gudun a ƙi auren yarinya ko a ce iska ce, wannan kaɗan ɗin ba zai fito ya ce hoton da ka turo ne ya kayar da shi ba.

Na ce hoton da ka turo, don ba kamfanoni kaɗai ke gina abin da ke allo ba, mu ma muna ginawa. Gaisuwar Juma'a mai furanni da taurari suna kunnuwa suna mutuwa. Katin ɗaurin aure da aka mayar bidiyo, sunan ango ya shigo da gudu ya fita da gudu, wurin ɗaurin auren ya leƙo na sakan biyu a ƙarshe a ƙarƙashin kiɗa. Da, kati takarda ce, a soke ta a jikin kalanda har ranar ta zo. Yanzu sai ka kalli bidiyon sau uku kafin ka kama sunan masallacin. Ɗan abokin Kawu ba shi da laifi. Yana cikin jimami, ya rubuta abin da ya kamata a inda ya san jama'a za su gani. Sai dai layi tara ya zuba a mazubin da aka yi don kallon hoto. Da ya haɗa da turawa a saƙo, da rubutun ya zauna yana jiran kowa ya karanta da ƙafarsa.

Mu kuma muna da ƙarin dalili, wato kuɗi. Bidiyon da ya kunna kansa data yake ci, wadda mutum ya saya ta kwana ɗaya, da cajin da ya biya aka yi masa a shagon mai janareta. Inda sabis ba ƙarfi, gutsure-gutsure shafi ke sauka: rubutu ya fara zuwa, ka fara karantawa, hoto ya sauko ya tura shi ƙasa, talla ta sauko ta sake turawa. Wanda ya gina shi a ofis mai intanet mai ƙarfi bai taɓa ganin wannan rawar ba, a wurinsa komai tare yake fitowa. Da ya keɓe wa hoton filinsa tun farko, da rubutun bai gusa ba. Haka lambobin tura kuɗi masu farawa da tauraro. Dattijo yana duba lambar asusu mai lamba 10 a takarda, yana dannawa ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ta takwas lokaci ya cika, sai daga farko. Kundin WCAG ya taɓo maganar wa'adi a shafukan intanet: a gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, a ba shi aƙalla sakan 20 ya nemi ƙari. Hankalin da ke cikin wannan ya dace da kowace irin waya, har da 'yar rakani-masallaci.

A wasu ƙasashe abin ya tashi daga shawara ya koma doka. Daga 28 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a kan bankuna da shagunan intanet da makamantansu. A Afrilu 2024 Amurka ta ɗora wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1 a shafukansu. Nijar a 2008, Najeriya a 2010, sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet da sunanta, kuma a Janairu 2019 aka sa hannu a dokar Najeriya ta hana nuna musu wariya. Amma in ana wannan magana a wurinmu, hankali kan tafi ga gangaren keken guragu a ƙofar gini. Gangaren wajibi ne, kuma gine-gine da yawa har yau ba su da shi. Sai dai yanzu rajistar jarrabawa, da neman aiki, da biyan kuɗin makaranta, duk ta allo ake shiga, kuma sanarwar da ba ta tsayawa matakala ce ga wanda ba zai iya bin ta ba.

Na fara da jin daɗin babban yatsa, amma da na ƙara kallon Kawu a safiyar nan na ga iyakarsa. A ɓoye dabarar take. Ba wata alama a allo da ta ce a danne, da jikarsa ba ta wurin da ya haƙura ya jira wani ya kira shi. Kuma tsayawar da sai ka riƙe ta, kokawa ce. Hannun Kawu yana ɗan rawa kamar na yawancin sa'o'insa, yatsan ya ɗaga kaɗan abu ya ci gaba, ya taɓa gefe ya tsallaka gaba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ɗaya gare shi, in ya danne da shi da me zai rubuta? Wanda kuturta ta taɓa yatsunsa fa, ko mai aiki da madannai kaɗai don ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta? Yara sun gano wata dabarar, su ɗauki hoton allon su ajiye, kuma tana aiki, amma a wayoyi da yawa sai an matse maɓalli biyu lokaci guda, abin da hannu mai rawa ba ya so. Maɓallin ƙwarai shi ne wanda ido ke gani, murya ke faɗar sunansa, yatsa mai kauri ke samu, ka taɓa sau ɗaya ka ɗauke hannu, rubutu ya zauna har sai ka sallame shi.

A safiyar dai yatsan ne ya fitar da shi. Ya ɗora wayar a gwiwa, ya danne da na hagu, ya ce in miƙo masa biro. Na ce, "Kawu, kawo in karanta maka." Ya girgiza kai. Leɓɓansa suka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. A na uku ya tsaya. Abokin ne da kansa, wanda suka yi fataucin goro tare tun kafin a haife ni. Ya yi salati, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya yi shiru na ɗan lokaci, yatsan bai ɗaga ba. Ya ci gaba har ƙasa, ya kwafe sunan unguwar da lambar wayar a bayan kwalin maganinsa, lamba ɗaya-ɗaya, yana duba kowace sau biyu. Jana'iza ƙarfe sha ɗaya ce. Sannan ya ɗaga yatsa, atamfa ta shigo. Bai kalle ta ba, ya ce wa jikar ta ɗauko masa hula da takalmi.